Gyartai da Ƙwaryar Duniya

Wani yaron unguwarmu mai shirin jarrabawar bak, ta kammala sakandare, ne ya jawo zancen. Daren Afrilu ne a Garwa ta arewacin Kamaru, irin wanda zafi ke koro kowa waje, muna zube a bencin mai shayi, shi kuma yana gefe yana haska littafinsa da waya. Can sai ya ɗago kai ya ce, "Kawu, kun san ƙasar nan da muke zaune a kanta tafiya take yi?" Mai walda ya ce ina za ta. Yaro ya ce arewa maso gabas, wajen santimita 2 a shekara. Direban da ke jan tirela daga Ngaundere zuwa Injamena ya ce yanzu ya gane abin da ya sa Kusiri ke ƙara nisa duk shekara. Aka kwashe da dariya. Kafin mai shayi ya wanke kofuna, kusan kowa ya kawo dabarar da za a tsayar da ita, kuma kowa daga cikin sana'arsa ya ciro tasa.

Na koma gida ina juya dabarun nan a raina. Duk shirme ne, masu su ma sun san haka. Abin da ya riƙe ni shi ne kowacce da gaɓar da take karyewa, kuma a wurin karayar ne ake leƙa yadda abin yake aiki.

Sai an fara sanin me ake son tsayarwa. Ɓawon duniya ba a dunƙule yake ba. Kamar ƙwaryar da ta fashe aka harhaɗa take: manyan sakaina bakwai, da matsakaita da ƙanana masu yawa, kowacce tana ɗauke da tudu da ƙasan teku tare. Tamu ta Afirka ta kwaso nahiyar, ta haɗa da kusan rabin ƙasan Tekun Atlantika ta gefenmu. Faɗinta ya kai murabba'in kilomita miliyan 61, wato ƙasar Cadi sau 47. Kaurinta kuwa wajen kilomita 100, a ƙarƙashin tsofaffin sassan nahiyar ma ya ninka haka. Tafiyar sakainun kamar tsirar farce take, santimita 2 zuwa 10 a shekara. Atlantika tana buɗewa da kamar santimita 2 da rabi, ke nan wanda ya shekara 70 a duniya, teku ta ƙara faɗi da kusan tsayinsa tun ranar sunansa. Ostireliya ta fi mu gaggawa, tana cin kusan santimita 7 zuwa arewa, har sai da hukumominta suka gyara lambobin taswirarsu da kusan mita 1.8 don su dace da na tauraron ɗan'adam. Bajamushe Alfred Wegener ne ya fito da zancen tafiyar nahiyoyi a 1912, manyan masana suka mai da shi abin dariya, ya mutu cikin ƙanƙarar Girinlan a 1930 ba a yarda da shi ba. Sai a shekarun 1960, bayan an auna ƙasan teku, aka dawo aka ce ashe mutumin nan yana da gaskiya.

Mai walda ne ya fara, kuma tasa ta fi kowacce saurin shiga kai. Ya ce a ƙera ƙusoshi manya, a kafa ɗaya a Garwa, ɗaya a Kano, ɗaya a Injamena, a bi nahiyar ana bugawa kamar yadda ake kafe kwano a jikin katako. Mai haƙar burtsatse da ke zaune kusa da shi ya ce, "Maigida, ka taɓa haƙa mita 80 kuwa?" Tambayar tana kan hanya. Ramin da ya fi kowanne zurfi da ɗan'adam ya taɓa haƙawa yana yankin Kola a arewacin Rasha. An fara shi a 1970, aka kai mita 12,262 a 1989, faɗin bakinsa bai wuce na faranti ba. Zafin da aka tarar a gindinsa ya kai digiri 180, dutsen ya fara halin roba, yana matse ramin ana cikin haƙa. Shekara 19 domin kilomita 12. Ƙusar mai walda kuwa sai ta ratsa kilomita 100, kusan tafiyar Garwa zuwa Figil, amma a tsaye, kai ƙasa.

A ce an samu ƙusar. Tun kafin ta kai rabi ƙarfen ya yi laushi, don a gindin sakainar zafi yana kai wa digiri 1,300, mai walda kuwa ya fi kowa sanin abin da ƙarfe ke zama tun a digiri 600. A ce an samu ƙarfen da ba ya jin wuta. Babbar matsalar tana gaba: ƙusa tana riƙe kwano ne saboda katakon da ke ƙasa a tsaye yake. A nan babu katako. Abin da ke ƙarƙashin sakaina dutse ne, ba ruwa ba kamar yadda mutane da yawa ke zato, amma dutse ne mai zafin da ya sa yake malala sannu a hankali, irin yadda kwalta ke yi a tsakar ranar bazara: ka buga ta da guduma ka ji tauri, ka ajiye babur a kanta ka dawo ka tarar jak ya nutse. Kafa ƙusa a wannan daidai yake da ɗaure kwale-kwale a jikin ruwan Binuwai. Ruwan zai tafi, kwale-kwalen zai tafi, igiyar ma ta bi su.

Wannan ya kawo mu ga abin da ke jan sakainun, wanda shi ne gundarin zancen. Da ana koya mana cewa cikin ƙasa yana juyawa kamar kunu a tukunya, yana ɗaukar sakainun a bayansa. Da gaskiya a ciki, amma masana yanzu sun fi dogara da wani bayani. Ƙasan teku ana haifarsa da zafi a tsakiyar teku, inda sakaina biyu ke rabuwa. Yana nisa da wurin haihuwarsa yana hucewa, yana hucewa yana ƙara nauyi, har bayan shekaru miliyoyi ya fi abin da ke ƙarƙashinsa nauyi. Daga nan sai bakinsa ya lanƙwasa ya nutse cikin ƙasa, kamar yadda yake yi a gaɓar Japan da Indonesiya da Chile. Duk wanda ya taɓa sakin guga cike da ruwa a bakin rijiya ya san sauran labarin: gugan ne ke jan igiya, igiyar da ke kwance a bakin rijiya ba ta da zaɓi. Sakainun da ke da irin wannan guga a bakinsu, kamar ta Tekun Pasifik, su ne masu gudu. Tamu ba ta da babban guga, shi ya sa take tafiyar hawainiya.

Magini ya ce to a cike tsagar da ke tsakiyar teku da siminti, ga masana'antarsa nan kusa a Figil. Tsagar nan jerin duwatsu ce a ƙarƙashin ruwa mai tsawon kusan kilomita 65,000, ta zagaye duniya. Kuma ba a buɗe take ba. Tana buɗewa narkakken dutse yana hawowa yana cikewa, wajen kilomita kubik 20 duk shekara, wato dunƙule 20 kowanne mai kilomita ɗaya a tsawo da faɗi da zurfi. Ƙasa ta riga magini yin yaɓen, kuma yaɓen bai hana komai ba, tun da daga can nesa ake jan bangon.

Wani dattijo da bai cika magana ba sai ya ce, tun da ƙwarya ce ta fashe, a kira gyartai. A huda bakin wannan, a huda bakin waccan, a ɗinke da sarƙa. Mai walda ya yi wuf ya ce shi ma abin da yake nufi ke nan, a yi wa bakunan walda. Wannan ce dabarar da ta fi ba ni tsoro, domin ita ma ƙasa tana yin ta da kanta, kuma sakamakonta shi muke kira girgizar ƙasa. Inda sakaina biyu ke gogar juna, bakunansu sukan cije. Jikin sakainar bai daina tafiya ba, bakin ne kawai ya maƙale, sai dutse ya riƙa lanƙwasa kamar baka ana jan tsirkiya, shekara ɗari, shekara ɗari biyar. Ranar da cizon ya saki, tafiyar da aka ci bashi duk sai an biya ta cikin mintoci. A ranar 11 ga Maris 2011, a gabashin Japan, ƙasan teku ya zame da kusan mita 50 a wuri ɗaya, babban tsibirin ƙasar ya gusa gabas da fiye da mita 2, igiyar ruwa ta hau tudu. Abin da ya faru a Turkiyya da Siriya ranar 6 ga Fabrairu 2023, inda mutum fiye da 50,000 suka rasu, irin wannan bashin ne aka biya. Allah ya jiƙansu. Duk ƙarfin ɗinkin gyartai, abin da zai ƙara shi ne tsawon jira da girman bashin. Gyaran gangar Auzinawa ke nan.

Bakanike ya saurari wannan ya ce to ai sun juya abin. In cijewa ce matsala, a zuba giris. A bar su su riƙa zamewa a hankali kullum, kada su tara. Aka yi masa dariya fiye da kowa, alhali tasa ce masana suka taɓa zama suka tattauna da gaske.

Labarin ya faro ne da kuskure. A farkon shekarun 1960, kusa da birnin Denver a Amurka, sojoji sun haƙa rijiya mai zurfin fiye da kilomita 3 suna tura gurɓataccen ruwa a ciki. Daga 1962 garin da bai saba da girgiza ba ya fara rawa. Aka daina turawa a 1966, amma mafi ƙarfinsu ta zo a 1967, bayan an rufe famfo. Ruwan ya shiga tsagogin dutse, ya ɗan ɗaga su daga juna, cizon ya yi sako-sako. Masana suka ce bari a gwada da gangan. A filin mai na Rangely, a jihar Kolorado, daga 1969 zuwa 1973, suka riƙa ƙara matsin ruwa suna ragewa: a ƙara, ƙananan girgiza su yawaita, a rage, su lafa. Ɗan'adam ya kunna girgizar ƙasa ya kashe kamar fitila. Daga nan wasu suka fara tunanin a bi doguwar tsagar San Andreas ta Kalifoniya da rijiyoyi, a riƙa sauke mata nauyi da kaɗan-kaɗan.

Lissafi ne ya kashe zancen. Ma'aunin girgiza ba kamar mudu yake ba, da biyu ke ninka ɗaya. Duk hawa mataki guda, ƙarfin yana ninkuwa sau 32. Kafin a sauke nauyin girgiza ɗaya mai maki 8, sai an yi masu maki 4 har miliyan guda. In tsagar tana tara wannan nauyin a shekara 150, ana bukatar wajen 18 kullum, ba Juma'a ba Lahadi, tun daga kakanni har jikoki. Wa zai zauna a garin? Sannan babu wanda ke da linzamin tsayar da ƙarama kada ta zarce ta zama babba. A Pohang ta Koriya ta Kudu, a Nuwamban 2017, ruwan da ake turawa ƙasa don samar da lantarki daga zafin dutse ya tayar da girgiza mai maki 5.4, ta rusa gidaje ta jikkata mutane, kwamitin binciken gwamnati kuma ya tabbatar da haka a 2019. Bakanike ya san wannan a garejinsa: notin da ya cije, in ka zuba masa mai ka danna da ƙarfi, wani lokaci ba ya kwancewa a hankali, ɓallewa yake yi ya tafi da fatar yatsa.

Mai sayar da ƙanƙara ya ce duk sun bar jaki suna dukan taiki. Tun da zafi ne ke tafiyar da abin, a kashe wutar. Ya fi su kusa da tushe, sai dai bai san girman murhun ba. Zafin da ke fitowa daga cikin duniya ya kai wajen terawat 47, dare da rana. Madatsar Lagdo da ke ba mu wuta megawat 72 aka gina ta ta bayar. Sai an jera irinta fiye da 600,000 kafin a kamo wannan adadi, mu da ko firjin mai ƙanƙarar ba ya samun wuta ta kwana ta yini. Wajen rabin zafin ragowar na farkon halitta ne, sauran kuma daga sinadaran yuraniyom da toriyom da fotasiyom da ke rugujewa a hankali cikin dutse suna fitar da zafi, ba su da makunni balle a kashe. Dutse kuma rowar zafi gare shi: ko an lulluɓe duniya da ƙanƙara, a shekara miliyan guda sanyin 'yan kilomitoci kawai zai ratsa, alhali daga nan zuwa cibiyar duniya kilomita 6,371 ne. Abin dariyar ma, sanyi ne ke ƙara wa guga nauyi. Mai ƙanƙara yana sanyaya sakaina daga sama, yana ƙara mata dalilin nutsewa.

Wanda ya ce a jefa bom bai samu mai tanka masa ba, amma na yi masa lissafin. Bom mafi girma da aka taɓa tayarwa, na Tarayyar Sobiyat a 1961, megatan 50 ne. Ƙarfinsa duka bai wuce zafin da duniya ke fitarwa cikin awa ɗaya da kwata ba.

Tambayar da ba wanda ya yi a bencin ita ce: in an yi nasara fa? A ce an wayi gari komai ya tsaya cak. Shekarun farko za a yi murna. Bayan haka ruwan sama da iska za su ci gaba da cin duwatsu, babu mai ɗago sababbi. Himalaya tana tsaye ne saboda Indiya na ci gaba da tunkuɗar Asiya tun kimanin shekara miliyan 50. Yawancin duwatsu masu aman wuta za su mutu, su ne kuwa ke mayar wa sama iskar kabon da ruwan sama ke wankewa yana binnewa a ƙasan teku. Wannan kai-da-kawowa na cikin abin da ya riƙe duniya tsakanin daskarewa da ƙonewa tsawon shekaru miliyoyi. Ƙasar noma ma tana bukatar sabon dutse. Wanda ya taɓa sauka kudu ya ga gonakin ayaba da kwakwar manja a gindin Dutsen Kamaru ya san abin da tokar aman wuta ke yi wa ƙasa. Duniyar Mars ba ta da sakainu masu tafiya. Ɓawonta guda ne, bai rabu sakaina-sakaina ba, kuma ko ciyawa babu.

Mu nan tsakiyar sakaina muke, nesa da bakunan da ke cizon juna, shi ya sa girgiza ba ta dame mu ba. Amma ba a bar mu haka ba. Akwai jerin duwatsun wuta mai tsawon kusan kilomita 1,600 da ya taso daga tsibiran teku, ya bi ta Dutsen Kamaru, wanda ya yi aman wuta a 1999 da 2000, ya haura tudun Adamawa ya nufo arewa. Tsinin duwatsun Rumsiki da baƙi ke zuwa ɗauka hoto maƙogwaron tsofaffin duwatsun wuta ne, jikin ya zaizaye ya bar abin da ya daskare a ciki. A kan wannan jerin Tafkin Nyos yake. Daren 21 ga Agusta 1986, iskar kabon da ta daɗe tana taruwa a gindin tafkin ta ɓalle lokaci guda, ta bi kwari, ta kashe mutum 1,746 da dabbobi wajen 3,500, yawanci cikin barci. Shekara biyu kafin nan Tafkin Monun ya yi irin haka ya ci mutum 37.

Abin da injiniyoyi suka yi a Nyos ya cancanci mai walda ya ji shi. Ba su toshe inda iskar ke fitowa ba, ba su da yadda za su yi. Bututu suka zura daga saman ruwa zuwa can ƙasa, tafkin kuwa zurfinsa ya wuce mita 200. An ja ruwan farko da famfo, daga nan abin ya riƙe kansa: ruwan gindi yana hawowa, iskar da ke cikinsa tana kumfa kamar an buɗe kwalbar lemo, kumfar tana jawo na bayanta, ya fito ya yi tsiri sama. An kafa na farko a 2001, aka ƙara biyu a 2011. Dabarar bakanike ce, saukewa da kaɗan-kaɗan, a wurin da girman abin bai fi ƙarfin hannu ba. A Alaska kuma, da za a shimfiɗa bututun mai ya tsallaka tsagar Denali, sai aka yi shi a karkace kamar tafiyar maciji, aka ɗora shi kan takalma masu santsi bisa dogayen ƙarafa. Ranar 3 ga Nuwamba 2002 girgiza mai maki 7.9 ta zo, ƙasa ta goce da kusan mita 4 a ƙarƙashinsa, bututun ya zame ya bi ta bai fashe ba.

Akwai kuwa wurin da tsagewar nahiya ta taɓa tsayawa, kuma a kansa bencin mai shayinmu yake. Shekara fiye da miliyan 100 da suka wuce, Afirka da Amurka ta Kudu ƙasa ɗaya ce. Kafaɗar Brazil a cikin lungun tekun Gini take kwance, a dubi taswira a gani. Da rabuwa ta zo, tsagar ta yi rassa uku daga wajen bakin Kwara na yanzu. Biyu suka ci gaba da buɗewa suka zama Atlantika. Na ukun ya nufo cikin nahiyar, tsawon kusan kilomita 1,000, ta Makurɗi, ta Yola, reshensa ya iso Garwa. Ƙasa ta burma, har teku ta shigo ta kwanta a wani sashensa. Farar ƙasar da ake yin siminti da ita a Ashaka ragowar wannan tekun ce. 'Yan uwan wannan tsaga sun ratsa kudancin Cadi, kuma a cikin ramukansu ne laka da matattun halittu suka taru suka dahu suka zama man Doba, wanda tun 2003 ake turawa ta bututu mai kilomita 1,070 zuwa Kribi, da man Bongor da ake tacewa a Jarmaya. Sai kuma, wajen shekara miliyan 85 baya, jan ya sauya hanya, ramin ya matse, buɗewar ta mutu. Ba ƙusa, ba siminti, ba gyartai. Da ta ci gaba, da Garwa bakin teku take, da Yawunde da Kano ba a nahiya ɗaya suke ba. Binuwai da muke tsallakawa a kan gada kwance take cikin tabon.

Da na koma benci washegari na ba su wannan labarin, na ƙara musu da cewa tsohuwar tsagar dutse da ta bi ta Fumban da Ngaundere, in ka tsallaka teku za ka tarar da ci gabanta a jihar Pernambuko ta Brazil, kamar zanen ƙwarya da ya katse a bakin sakaina ya ɗora a ɗayar. Mai walda ya yi shiru yana kaɗa shayinsa. Can ya ce, ashe ranar da Vincent Abubakar, yaron ƙungiyar Coton Sport ta Garwa ɗin nan, ya jefa wa Brazil ƙwallo a Katar a 2022 har ya tuɓe riga aka ba shi jan kati, maƙwabtanmu na bayan gida muka ci. Direba ya ce in haka ne a bar maganar tsayarwa, a nemo dabarar da za a jawo su su dawo, ko kuɗin jirgi ya ragu. Mai walda ya ce wannan kam yana da ita, igiya kawai za a samo masa.